Karatu Tsakanin Girki da Girki

   

Hirarmu ta yau ta taso ne daga wasiƙar wata baiwar Allah da ta roƙi kada in faɗi sunanta. Ta ce ta gama sakandare aka yi mata aure, yau shekararta tara a kulle, 'ya'yanta huɗu. Ƙanenta ya zo gaishe ta, sai ya nuna mata a waya wasu gajerun kwasa-kwasai da ake yi daga gida. Uku suka ɗauki hankalinta: tarihin kiɗan jaz na Amurka, da tsofaffin littattafan adabin Turawa, da tarihin ƙasashen Yamma. Da ta ba abokiyar zamanta labari, sai ta bushe da dariya ta ce, “Ke Maman yara, mata na koyon ɗinki da haɗa sabulu, ke tarihin kiɗan Nasara za ki koya? A kasuwar ina ake sayar da shi?” Shi ne take tambayata, ta ce, “Anti, don Allah ɓata lokaci ne?”

To ƙanwata, ni dai a ganina ba ɓata lokaci ba ne. Abokiyar zamanki ma ba ta yi ƙarya ba, ba za ki sayi ko gwangwanin gishiri da wannan karatu ba. Amma ai ciki da aljihu ba su kaɗai ke jin yunwa ba, ƙwaƙwalwa ma tana ji.

Bari in fara bayyana wa waɗanda ba su sani ba abin da ake nufi da gajeren kwas. Darasi ne a kan abu guda, wanda ake gamawa cikin 'yan makonni, wani ma cikin 'yan awoyi. Malami zai yi bayani na 'yan mintoci a bidiyo ko a murya, a ba ki ɗan abin karantawa, a yi miki 'yan tambayoyi. Ba rajistar zuwa aji, ba hawa mota. Wannan ya dace da mu, domin lokacin matar aure gutsure-gutsure yake zuwa: bayan yara sun tafi makaranta, kafin a ɗora sanwar rana, ko bayan isha'i in ba ke ce da girki ba.

Kuma kada wata ta ɗauka sabon abu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ai haka ta yi da 'yan taru. Tana shirya darasi cikin waƙoƙi masu sauƙin hardacewa, jajis su zo su ɗauka su kai wa matan ƙauyuka har cikin gidajensu. A can Amurka ma, a 1873, wata mata a birnin Boston mai suna Anna Ticknor ta kafa ƙungiyar ƙarfafa karatu a gida. Ana aika wa mace littafi ta gidan waya, ta karanta, ta rubuto wa malamarta wasiƙa duk wata. Kafin a rufe ƙungiyar a 1897 mata fiye da 7,000 sun yi karatu ta nan, har da tarihi da adabi. Kun ga ke nan su ma sun san zaman gida.

Yanzu mu dawo kan wanda aka yi miki dariya a kansa, wato jaz. Ni da za ki bi ta tawa, da shi za ki fara, domin shi zai ja ki har cikin sauran biyun.

Malamin da ya san aikinsa ba zai fara miki da kiɗa ba, da jirgin ruwa zai fara. Mutanen Afirka fiye da miliyan 12 aka loda a jirage aka haye da su Tekun Atlantika a matsayin bayi, cikin shekaru fiye da 300. Ba su tafi da ko tsinke ba, sai abin da ke cikin kansu. A gonakin auduga da na rake suna aiki suna waƙa, ɗaya ya ba da baiti sauran su amsa, kamar yadda muke yi wurin daka in lugude ya yi daɗi. Suka sassaƙa wani abin kiɗa na ƙwarya da fata da tsirkiya, kai ka ce gurmi ne, shi ne asalin abin da suke kira banjo. A jihar Carolina ta Kudu, bayan wani bore da bayi suka yi a 1739, sai aka kafa doka a 1740 aka hana su ganga, aka kuma hana a koya musu rubutu. Ku riƙe wannan fa, ganga da alƙalami a doka guda aka hana.

Amma a birnin New Orleans, a bakin kogin Mississippi, akwai wani fili da ake kira Congo Square inda ake barin bayi su taru ran Lahadi su yi kasuwa, su yi kiɗa da rawa irin na gida. A wannan gari ne, bayan an soke bauta a 1865, jikokin bayi suka haɗa salon waƙoƙin gona da na coci da kayan badujala na Turawa, wajen farkon shekarun 1900 aka sami jaz. Abin da ya bambanta shi, makaɗi ba ya tsayawa kan abin da aka rubuta masa. Ana ɗora karin da kowa ya sani, sai kowane ɗaya ya fito ya ƙirƙiro nasa nan take. Wadda ta taɓa jin yadda marigayi Shata ke ɗinka waƙa a tsaye, 'yan amshi na riƙe masa gindinta, ta gane abin da nake nufi. Wani abin takaici, faifan jaz na farko da aka buga a 1917, fararen fata ne suka yi shi.

Daga nan za ki haɗu da Louis Armstrong. An haife shi a 1901 cikin baƙin talauci. Yana ɗan shekara 11 ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara, aka kai shi gidan horon yara, a can ya ƙware a busa. Ya koma Chicago a 1922, lokacin da baƙaƙe ke ta ƙaura daga kudu zuwa arewa don gudun wulaƙanci, ƙaurar da ta kwashe mutum kusan miliyan 6 kafin 1970. Ya yi suna a duniya, amma a ƙasarsu akwai otal ɗin da zai yi wasa a ciki ba a yarda ya kwana ba. A 1957, da gwamnan jihar Arkansas ya sa sojoji suka tare yara baƙaƙe tara daga shiga makarantar farare a Little Rock, Armstrong ya fito fili ya soki shugaban ƙasa Eisenhower kan jan ƙafar da ya yi. Ke uwa, ki auna a ranki: 'yarki ta sa kayan makaranta, soja ya tare ta da bindiga a bakin ƙofa.

Kuma labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, Armstrong ya zo ƙasar nan, akwai hotonsa tare da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Wani gwanin busa kuma, Yusef Lateef, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, har ya yi nazarin sarewar Fulani. Daga jin sunan kun san ba da shi aka haife shi ba. Makaɗan jaz da dama sun ɗauki sunayen Musulunci a shekarun 1940 da 1950, akasarinsu a hannun 'yan Ahmadiyya, shi ma haka.

To kin gani, ba ki ankara ba kin shiga kwas na biyu. Za ki tambayi kanki, me ya sa New Orleans ta sha bamban da sauran garuruwan Amurka? Amsar tana cikin tarihin Turai. Garin Faransawa ne suka kafa shi, ya zauna hannun Sifaniya, ya koma hannun Faransa, sai a 1803 Napoliyon ya sayar wa Amurka da yankin duka a kan dala miliyan 15. Me ya sa ya sayar? Yana neman kuɗin yaƙi da Ingila, ga shi kuma bayin tsibirin Haiti, waɗanda suka tayar tun 1791, sun karya rundunar da ya aika musu. Su kuma sun ji kirarin 'yanci da daidaito da aka yi ta yi a juyin juya halin Faransa na 1789, suka ce ai mu ma mutane ne. Kin ga zare guda kika ja, zane duka ya warware. Gobe in kin ji labaran duniya a rediyo ana ambaton Haiti ko Faransa, ba za ki ji su kamar sunayen aljanu ba. In ɗanki ya dawo da aikin gida na tarihi, ba sai kin ce ya jira babansa ba.

Adabi kuwa, a nan ne idona ya taɓa kawo ruwa. Akwai littafin da Frederick Douglass ya fitar a 1845, labarin rayuwarsa. Bawa ne. Yana yaro uwargijiyarsa ta fara koya masa baƙaƙe, maigidan ya gani ya hana, ya ce karatu zai lalata bawa. Yaron ya ji da kunnensa, daga nan ya gane inda maganinsa yake. Sai ya riƙa ɓoye burodi in an aike shi, ya ba yaran farare matalauta a titi, su kuma su koya masa karatu. Ya gudu daga bauta a 1838. Akwai kuma Umar ɗan Sa'id, almajiri daga Futa Toro, wanda aka kai Amurka a 1807, ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831, ya rasu yana bawa. Allah Sarki. Rubutun nasa yana nan ajiye a babban ɗakin karatu na majalisar Amurka.

Masu son littattafan soyayya, ku ma akwai naku. Jane Austen ta Ingila a kan wani ɗan ƙaramin tebur take rubutu cikin falon gidansu, ba ta ko sa sunanta a littafi. Wanda ta fitar a 1813, Pride and Prejudice, labarin uwa ce mai 'ya'ya mata biyar, hankalinta a tashe ta aurar da su, don in uban ya mutu gidan wani ɗan uwansa namiji zai koma. Wace uwa ce a cikinmu ba ta san wannan rashin barci ba?

Na san wata za ta ce, “Anti, mu da ba mu da Turanci fa?” Gaskiya ne, yawancin waɗannan kwasa-kwasai da Turanci ake yin su, wannan ita ce babbar katanga. Amma magabata sun buɗe mana taga. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan Shakespeare Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Bala Abdullahi Funtuwa ya ba mu Gandun Dabbobi, fassarar littafin George Orwell na 1945, wanda habaici ne ga yadda juyin juya halin Rasha na 1917 ya rikiɗe ya zama zalunci. Magana Jari Ce ɗin nan da muka taso da shi, Abubakar Imam ya ɗebo wasu labaransa daga tatsuniyoyin Turai da na Larabawa ya sa musu riga da wando na Hausa. Wadda ba ta da Turanci ta sa a nemo mata ɗaya daga cikinsu, ta ɗibar wa kanta wata guda, shi ma kwas ne.

Saura maganar da na san tana ran wasunku, maganar kiɗa. Malamai sun yi saɓani a kan sauraren kayan kiɗa, ni kuwa ba malama ba ce, ba zan ba da fatawa a gidan rediyo ba. Ki tambayi malamin da kika amince da shi. In kin tsaya kan ba ki saurare, duk abin da na faɗa muku yau karanta shi ake yi, ba sai an kunna faifai ba. Ba zan ɓoye miki ba, malamin kwas zai sa kiɗa a darasi, kuma in kin tsallake akwai abin da zai wuce ki, amma tarihin yana nan. Haka littattafan Turawa, za ki ci karo da al'adun da ba namu ba. Ke ba yarinya ba ce, kin san tsakuwa kin san shinkafa.

Sai maigida. Kada ki yi a ɓoye, ƙanwata. Namiji ya ga matarsa ta duƙufa kan waya da dare bai san dalili ba, shaiɗan ya sami wurin zama. Ki nuna masa abin da kike karantawa, ki nemi izni, in ya yiwu ki ba shi labarin Douglass da burodi yana cin abinci. Batun kuɗi kuma, wasu kwasa-kwasan kyauta ne, wasu sai an biya. Buɗaɗɗiyar jami'ar Ingila tana da wani sashe da ake kira OpenLearn tun 2006, darussansa kyauta ne, data kawai za ki saya. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi zai ba ki digiri cikin mako shida, ɗan damfara ne. Takardar gajeren kwas shaidar halarta ce kawai. Ki ɗauki guda ɗaya tak, kada ki kwashi ukun lokaci guda su shaƙe ki. Ki sayi littafin rubutu na yara, duk darasi ki rubuta abin da kika gane da Hausa, layi biyar ma ya isa. Ranar da yaro ba shi da lafiya ko baƙi suka cika gida, ki ajiye, darasin ba ya gudu.

Abokiyar zamanki kuma kada ki riƙe ta a rai. In kun zauna tsintar shinkafa da yamma, ki ba ta labarin uwar nan mai 'ya'ya mata biyar, ki tsaya daidai inda mai kuɗin nan ya zo neman auren ta biyun ta ce ba ta so. Ki rubuto mana ki gaya mana ko ta bar ki kin tashi.

Lokaci ya cimmana. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu karanta sauran wasiƙunku. A gaida maigida, a shafa kan yara.