Daga Dawa Zuwa Akurki



Duk wanda ya yi ƙuruciya a Gusau ya san yadda ungulaye kan cika mahauta da hantsi, sai an yi ta korar su. Yaron da aka haifa bayan ƙirƙiro jihar nan a 1996 kuwa zai iya kai munzalin aure bai ga ungulu da idonsa ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan ungulu da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, kuma farautar ta domin haɗa magani na cikin abin da ya jawo hakan. Ku tambayi dattawan Kwatarkwashi yawan maikin da ke sheƙa a kan dutsensu a da, sannan ku je ku ɗaga kai yau. Haka gada da barewa suka yi ƙaranci daga dazukan Tsafe har Kuyambana, wanda ya haɗa iyaka da gandun Kamuku na jihar Kaduna.

Ban zo nan don in zagi maharbi ba. Farauta sana'a ce ta gado, mai sarauta da ƙa'ida. Amma na taɓa zama da wani maharbi a wani ƙauye na Bungudu, ya zazzage burgaminsa a gabana: fakara biyu da zomo guda, bayan ya kwana a dawa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, to yanzu gudun ya fi zomon yawa. Ga 'yan bindiga sun mamaye dazukan, mutum ya fita neman na miya a nemi kuɗin fansarsa. Samarin da ke cinna wa daji wuta don kama gafiya su ma yunwa ce ke tura su. Irin wannan mutum wa'azi ba ya raba shi da tarko, sai an ba shi abin da zai cika tukunya.

Shi ya sa nake maganar kaji. Kaza ba ta bukatar kiwo a daji, ba ta bukatar jari mai yawa. Kwana 21 take kwanci ta ƙyanƙyashe. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin dabarar sa wa kaza ƙwan zabuwa, ta kwanta a kai wajen kwana 28, ta reni 'yan zabin kamar nata. Dusar gero da dawa tana gida, gara tana bayan gari. Zabo kuma naman daji ne da ya yarda ya zauna a gida, mai sha'awar fakara ba zai raina shi ba. Wanda ya ƙware yana iya matsawa zuwa irin Shika Brown, kazar ƙwai da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, a Jami'ar Ahmadu Bello, ta samar.

Sai dai akwai inda ake yawan faɗuwa, kuma nan nake so ku saurare ni da kyau. A raba wa mutum kaji, a ɗauki hoto, a watse. Hunturu na shigowa annobar kaji ta biyo iska: kaza ta taƙure, ta yi koren kashi, wuya ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama wayam. Washegari mai gida ya ɗauko bindigar tokarsa, kuma wa zai ga laifinsa? Alhali rigakafin yana nan. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a jihar Filato, tana yin wanda ake kira I-2, mai jure zafi, ɗigo ɗaya a ido, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Ko matar da ba ta yi boko ba za ta iya koyon ɗiga shi cikin yini guda. Kuma da yake kaji a gidajenmu na mata ne, duk shirin da ya tsallake uwargida bai fara ba.

Roƙona ga sassan kula da dabbobi na ƙananan hukumomin Gusau, Tsafe da Bungudu: a kai rigakafin nan ƙauyuka kafin sanyin hunturu ya sauka. Ku kuma sarakunan baka, ku ne maharba ke ji. Ku fara kafa akurki a gidajenku, su gani.