JAWABIN TARON ƘUNGIYA: TAFASA DA ƳAN UWANTA



Abin da ya sa munka ɗauko maganar ga: wani yaro da anka haifa Yamai ya zo ganin kakarshi, anka aje mishi kwaɗon tafasa, ya ce shi ba akuya ba ne. Anka yi dariya. Amma ba a bakinshi ya tsinci maganar ba, gare mu ya ji ta.

Mun san inda kunyar ta fito. A 1973, da 1984, da 2005, tafasa da jiga da dilo sunka riƙe mutane da rumbuna sunka wofinta. Tun sannan wanda ya samu kuɗi ba ya son ganinsu cikin akushi, sai shinkafa da taliya. To, likitoci sun ce ganyen nan masu duhun kore, zogala, gasaya, yaɗiya, tafasa, suna ɗauke da abin da ke tsare ido daga dundumi, wanda ake kira bitamin A, da sinadarin ƙarfe mai gina jini. Farar shinkafa ba ta da na ido, na jini kuwa kaɗan gare ta. Mace mai ciki da ke tashi da jiri, da yaron da ke lalube in magariba ta yi, su ne ke biyan kuɗin kunyarmu.

Iyayenmu mata sun riga likita ga abu guda: ƙuli-ƙuli da ɗan mai cikin kwaɗo. Ba don daɗi ba ne kaɗai. Sai da maiƙo jiki ke amfana da bitamin ɗin. A ƙara tumatir ko lemun tsami, yana taimakon ƙarfen shiga jiki. Shayi kuwa yana tare shi, ku masu ɗora buta da an gama cin abinci ku dakata kaɗan. Kada a cika kanwa, kada a dafa har ganye ya mutu. In za a shanya, a shanya cikin inuwa.

Sai dai mu gaya ma juna gaskiya: ba kowane ɗaci ba ne magani. Dilo in ba a jiƙa shi kwanaki ana sake ruwa ba, cuta ne. Ƴaƴan sanga-sanga guba ne ga yara, ga shi kuma ya yi kama da tafasa, a nuna musu bambancin. Kada a ɗura ma jariri ruwan dogon yaro, mai ciki ma ta bar shi. Mai ciwon suga ko hawan jini ya ci garahuni da shuwaka in yana so, amma kada ya aje ƙwayoyin asibiti don su. Zazzaɓin damana kuma, a kai yaro a gwada jininshi tun ranar farko. Kuma ba a tsinkar ganye inda anka fesa maganin ƙwari.

Abin da kwamiti ya tsaida: bana kowane gida ya dasa zogala bakin inda ake zubda ruwan alwala. Mata tsofaffi sun yarda su fita da ƴan mata daji bayan ruwa sun zauna, su nuna musu wanda ake ci da wanda ba a taɓawa. Ku masu komawa Yamai, Agadas da Legas, in kuna son busasshen ganye, ku rubuta sunanku wurin magatakarda kafin ranar kasuwa.