A Gyara Hankali, Kada a Bar Ido
Laccar da aka gabatar a Illela

Lokaci gajere ne, zan shiga magana kai tsaye.

Kowa a nan ya san hanyar Kware. Daga Illela, daga Gada, har daga Ƙonni ake kai mara lafiya asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, a dawo da ledar magani. Amfanin magungunan nan ba abin musu ba ne, sun kwance mutane da yawa daga mari. Tsohuwar rigimata da abokan aikina ita ce: shekara da shekaru muna rubuta magani, ba mai leƙa idon mai shan sa.

Maganar ba sabuwa ba ce. A 1952 aka fara ba masu taɓin hankali Largactil a Faransa, kuma a 1964 likitoci a Kanada suka nuna cewa wanda ya daɗe yana shan sa da yawa, wani dusu-dusu kan taru a gilashin cikin idonsa. Amitriptyline da Artane, wanda samari ke kira Exol, suna buɗe tsakiyar baƙin ido. In magudanar ruwan idon a matse take, sai ta toshe dare ɗaya, hawan jinin ido ya taso: ido ya yi ja, kai ya sara, amai ya biyo, gani ya tafi cikin kwanaki. Olanzapine kuwa na iya jawo ƙiba da ciwon suga, suga ya ci jijiyoyin bayan ido.

Wata ranar kasuwa an kawo mini wani saurayi, idanunsa sun kafe sama, sai fari ake gani, wuya ya sandare. Mahaifiyarsa na riƙe da gorar rubutu, ta ce iskokin ne suka dawo. Na ce, "Inna, me yake sha?" Ta kwance bakin zane ta fito da haloperidol da aka saya a kemis ba takardar likita. Allura ɗaya aka yi masa, kafin la'asar ido ya sauko. Nawa ne irinsa ba su zo hannunmu ba?

To ga hujjar da ba na gajiya da maimaitawa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 na makantar abin da za a iya karewa ne ko a warkar. Nazarin da Fatima Kyari da abokan aikinta suka yi kan wannan bincike ya nuna mutum 5 cikin kowane ɗari na masu waɗannan shekaru na da hawan jinin ido. Ku saurara da kyau: cikin masu ciwon, waɗanda suka san suna da shi ba su kai kashi 6 cikin ɗari ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Ke nan dattijon da ke gabanka yana kukan rashin barci, kana shirin rubuta masa amitriptyline, mai yiwuwa idonsa ya daɗe da fara lalacewa, shi bai sani ba, kai ba ka duba ba. In ya ce yana ganin hazo, sai a ce ciwon ƙwaƙwalwarsa ne ke magana.

Wasu za su ce irin hawan jinin idon da maganin ke tayarwa ba shi ne ya fi yawa a ƙasarmu ba. Na ji. Wanda ya faɗa wa, ai lissafi ba ya dawo masa da gani. Wasu su ce likitocin ido sun yi kaɗan. Tocila da allon gwajin gani ba sa jiran ƙwararre.

Abin da nake nema huɗu ne. A gwada ganin kowane mara lafiya kafin a ɗora shi kan magani, a sake duk shekara. A ba shi katin bayanin maganinsa da Hausa da Faransanci, tunda masu zuwa daga tsallaken iyaka ba kaɗan ba ne. Masu kemis su daina sayar da waɗannan ƙwayoyi ba takarda. Sannan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin Kware su haɗa kai su ƙirga mana abin da magungunan ke yi wa idanun mutanenmu, mu daina dogaro da alƙaluman Turai.

Iyaye, in ɗanku na shan maganin ƙwaƙwalwa ya ce idonsa, ku yarda da shi. Kada ku tsayar da maganin da kanku, ku kawo shi asibiti a ranar.