Gwaba a Yashin Seme-Kpodji

Yau a shirin noma da lambu, hirarmu a kan gwaba take.

In akwai ta kusa da kai, malam, tsinko ganye ɗaya ka murtsuke, ka shinshina. Wannan ƙamshi na wani mai ne da ke cikin ganyen, kuma shi ne shaidar danginta. Gwaba 'yar'uwa ce ga kanumfarin da hajiya ke sa wa kunu, da bishiyar turare da ake dasawa a bakin hanya. Masana na kiran dangin Myrtaceae. Ganyenta bibbiyu suke fitowa suna kallon juna, rani da damina tana kore shar, ɓawonta kan saɓule da kansa, furenta fari ne mai gashi-gashi. Asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya, Turawan Fotugal da na Sifen ne suka yaɗa ta duniya. Bitamin C da ke cikinta ya ninka na lemun zaƙi kusan sau 4.

Ƙasarmu ta Seme yashi ce, kwakwa ce sarauniyarta. Gwaba ma ba ta ƙi ba, sai dai yashi ba ya riƙe ruwa ko taki. Haƙa rami mai zurfin rabin mita, ka cakuɗa ƙasar da kashin kaji ko na shanu wanda ya ruɓe, ka bar mita 5 zuwa 6 tsakanin bishiya da bishiya. A dasa a Afrilu ko Mayu, farkon babbar damina.

Ni dai ba na ba da shawarar shuka ƙwallo. Ka sha mai zaƙi ka shuka 'ya'yanta, ka yi jiran shekara 3, ta fito da tsami. Gara ka zaɓi reshe mai kaurin yatsa a bishiyar da ka yarda da ita, ka ɓare ɓawon a zagaye, ka lulluɓe wurin da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka ɗaure da leda. Cikin wata 2 ko 3 saiwa za ta fito, ka yanke ka dasa. Masu lambu a nan marcottage suke ce masa. Abin da uwar ta haifa, shi 'yar za ta haifa.

To, ga babbar magana. Sau nawa ka gatsa gwaba mai kyan gani ka tarar da tsutsa? Wasu na cewa gwaba ce ke haifar tsutsarta. A'a, aikin ƙuda ne. Akwai wani baƙon ƙuda daga Asiya, Bactrocera dorsalis, da aka fara gani a Kenya a 2003, ya iso Benin a 2004. Masu bincike na cibiyar IITA da ke Kalabi sun daɗe suna fama da shi, don mangwaro ma bai tsira ba. Macen kan huda ɓawon ɗan gwaba ta zuba ƙwai a ciki. Tsutsa ta ci ta ƙoshi, ɗan ya faɗi, ita kuma ta shige ƙasa, bayan kamar kwana 10 ta fito sabon ƙuda. Yashi mai laushi irin namu kuwa, shiga cikinsa ba wuya.

Don haka duk gwabar da ta faɗi ka bari a gindin bishiya, kiwon ƙuda kake yi, kai da maƙwabcinka ku sha asara. Kowace safiya a sa yara su tsince, a zuba a baƙar leda, a ɗaure bakinta tamau, a ajiye a rana kwana 2 ko 3, zafi zai kashe tsutsar. Waɗanda ke kan bishiya kuma, tun suna kamar ƙaramin lemun tsami a sa musu jakar takarda. Aiki ne, na sani, amma mai bishiya biyu ko uku a tsakar gida zai iya.

Lokaci ya yi mana halinsa. Mako mai zuwa sai maganar sassabe rassa, tunda a sabon toho gwaba ke yin fure. A huta lafiya.