Do-Re-Mi Kafin Shiga Situdiyo

Akwai samarin Na'ibawa da ke tashi daga masana'antun Sharada, Challawa da Bompai su nufi situdiyo a Zoo Road, inda na'ura ke gyara musu murya. Abin yana damuna.

Maganin shi ne horar da murya da matakan sauti, waɗanda guda bakwai ne: do, re, mi, fa, so, la, ti. Guido na Arezzo ya aza harsashin sunayensu a Italiya, ƙarni na 11. Ka tashi daga do, waƙa ta fito da fara'a. Ka tashi daga la, matakan ba su sauya ba, amma juyayi za ka ji. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya matakai biyar suke bi, ban da fa da ti, shi ya sa waɗannan biyun ke neman horo.

Samari, ku rera matakan nan a gaban fiyano kullum kafin ku biya kuɗin ɗaukar murya.