Alamar Kaya Ta Girmi Kanti

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Matameye ya ga raƙumin da aka yi wa lalas a wuya ko a cinya, ya ga tunkiya mai tsagaggen kunne. Buzu na kallon alamar zai faɗa maka gidan da dabbar ta fito. Ɓarawo ma ya san haka, shi ya sa yake kaffa-kaffa da ita.

Wannan dabara ta daɗe ƙwarai. A Masar, zanen da ke cikin kaburburan da suka haura shekara 4,000 yana nuna makiyaya na ɗora wa shanu ƙarfe mai zafi. A ƙasar Iraƙi ta yanzu kuwa, fiye da shekara 5,000 da suka wuce, 'yan kasuwa kan danna hatimi a kan ɗanyen yumɓun da suka toshe bakin tulu da shi.

A zamanin yau, rajista ake yi wa alamar kaya: hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka, wato OAPI, da ke Yawunde ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista. To, ina man gyaɗan matanmu? Har yanzu a tsohuwar gorar ruwa ake zuba shi, ba suna ba shaida. Ƙungiyoyin mata, ku zaɓi alamarku, ku yi mata rajista.