Ƙwaron da Ake Saki Ya Kashe Danginsa

Uwargida, ajiye muciya ki matso kusa da rediyo.

Kin tuna 2016, shekarar da wata baƙuwar tsutsa ta shigo Nijeriya tana cinye zuciyar masara? Daga nahiyar Amurka ta zo. Uwarta malam-buɗe-littafi ce irin ta dare, ita ke zuba ƙwai a ganye. To wani kamfani a Ingila, Oxitec, ya taɓa ƙwayar halittar namijin. Ana sakin sa a gona ya sadu da matan daji, duk 'ya'ya matan da aka samu sai su mutu tun suna ƙanana. In babu mata wa zai yi ƙwai? A 2021 ƙasar Burazil ta amince da shi. Na san wata za ta ce, yanzu kuma ƙwaro za a saya a zuba a gona? Ni ma sai da na riƙe baki.

Wannan bai iso gonakinmu ba. Wanda ya iso wake ne, SAMPEA 20-T, na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, da aka fitar a 2019. Shi tsiron aka gyara, tsutsar da ke huda fure da kwanso in ta ci sai ta mutu. Manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas, sau biyu ya ishe shi. Akwai masu suka, kuma a ganina tambayarsu ba laifi ba ce: abin da za ki soya wa yara ƙosai da shi, haƙƙinki ne maigida ya faɗa miki irin da ya shuka.

Amma ni ragin feshin ne ya tsaya min a rai. Ba kya zuwa gona, gaskiya ne, sai dai gonar na zuwa har tsakar gida. Wa ke wanke rigar feshi? Ke. Ki wanke ta ita kaɗai, nesa da randa, kada da goyo a baya. Robar magani kuwa ko sau goma kika ɗauraye ta, kada man gyaɗa ko ruwan sha ya shiga.

Sannan wannan wake bai hana ƙwarin ajiya. Kafin a jefa ƙwayar magani cikin buhun da ke ɗakin da yara ke kwana, ki ce a nemo buhun PICS, mai leda biyu a ciki. A shanya waken ya bushe ƙayau, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban.